Yadda Katin Banki Ya Raba Ni da Bakanona

Malam Edita, bayan gaisuwa, ka ba ni fili in amayar da abin da ya tsaya mini a wuya. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni tsohon direban gwamnati ne da ya ajiye aiki, ina zaune a gidan gadonmu a Ƙofar Kibo cikin birnin Zariya, ina cin ɗan fansho idan Allah ya sa an tuna da mu. Boko na yi aji huɗu aka cire ni saboda na fi malamin surutu, amma kada wannan ya sa ka raina ni, domin shekara talatin ina tuƙa manya masu digiri, kuma duk Turancin da suka zubar a kujerar baya ni na tsince shi. A unguwa ni ke fassara wa mutane takardar asibiti, ko na gane ko ban gane ba. Ina da tsohuwar mota da na saya a gwanjon ofis, ina da baki, kuma ina da Bakano. Motar tana nan, bakin ma yana nan, Bakanon ne na rasa, alhali yana raye, ina ma hango ƙofar gidansa daga inda nake wannan rubutu. Katin banki ne sila.

Wanda bai san wasan da ke tsakanin Zazzagawa da Kanawa ba, to ya sani tun kakanni muke zagin juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Nawa Bakanon mai sayar da zare da allura ne ga masu ɗinkin hannu, ya zo Zariya yana saurayi ya kama haya a layinmu, daga baya ya sayi gidan. Shekara arba'in ban taɓa jin ya kira ni da sunan mutunci ba. Da safe zai leƙo ya tambaya ko bawansa ya kwana lafiya, ya ce in zo in wanke masa buta. Ni kuma in ce masa Bakano ko gawa ya gani sai ya taya likkafanin. Ranar cika-ciki kuwa yaƙi ake yi, don a al'ada ubangida ne ke ba bawa kuɗin shara, saboda haka kowannenmu yana neman yadda zai cusa wa ɗayan kwabo. Ya taɓa sa mini a cikin takalmi a ƙofar masallaci, ni kuma na tura masa nawa a cikin malmalar tuwo, saura kaɗan ya rasa haƙori.

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin wasan. Wata shekara na yi hatsari da motar ofis, aka dakatar da ni, ana maganar kotu, na kwanta a zaure na daina cin abinci. Bakano ya shigo ya zauna, ranar bai zage ni ba. Ya ce in tashi, abin da nake tsoro shi ya riga ya shiga ya fito. Ya ba ni labarin cewa yana tsaron shago a Kano kayan ubangidansa suka salwanta a hannunsa, rabi sakaci rabi ƙuruciya, aka ɗaure shi wata tara, da ya fito dangi suka juya masa baya, shi ya sa ya taho Zariya da jaka ɗaya bai ƙara komawa ba. Ya ce ko matarsa ba ta sani ba, balle 'ya'ya, ya gaya mini ne don in san ana faɗuwa a tashi. Na ci tuwo a ranar. Na riƙe maganar nan sama da shekara ashirin, ko a mafarki ban furta ba.

Da babban ɗansa, malamin sakandare, ya samo mata a Damagaram ta ƙasar Nijar, sai aka zo maganar wakilin ango. Uba ba ya karɓar wa ɗansa aure da kansa, sai wa ko ƙane, shi kuwa ba shi da kowa. Ya same ni a bakin masallaci ya ce ya duba duk bayinsa bai ga wanda ya fi ni tsufa da rashin aikin yi ba, don haka ni zan je in karɓo. Na ce na yarda, don kada a ga fuskar uban a fasa. A raina kuwa na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Nan take na rantse cewa mota tawa, tuƙi nawa, mai nawa, gudunmawata ke nan, duk wanda ya sa hannu a aljihu don fetur ban yafe ba. Mata da 'yan rakiya suka yi gaba da kwana ɗaya da goro da sadaki, aka bar mu mu uku, ni da ango da uban, wanda ya ce zai bi mu ne kawai don kada in sayar masa da ɗa a hanya. An sa ɗaurin aure bayan sallar La'asar.

To ga inda shaiɗan ya shigo, a cikin ɗan robar da bai kai tafin hannu ba. Ɗana da ke aiki a Kaduna shi ya buɗe mini asusu saboda fansho, ya kawo mini kati, ya nuna mini wani tambari a kusurwa ya ce da wannan ko Makka na je sai dai in zura. Ya yi maganar ne shekaru kafin tafiyar, ni kuma na adana ta kamar wasiyya. A Zariya na saba, in tsaya a gidan mai in ce a zuba, a kawo mini 'yar na'urar nan, in juya baya in danna lambar sirri kamar mai karanta laƙani. Bakano kuwa har gobe a 'yar ciki yake ɓoye kuɗinsa ɗaure da zare, kullum ina masa gori cewa shi mutumin zamanin wuri ne. Na ƙudura cewa a ƙasar waje zan gama da shi, ya ga bawan da yake faɗa ya sayi mai a hannun masu Faransanci ba tare da ya taɓa takarda ba. Da gangan na bar kuɗi a gida, ban ɗauki komai ba sai 'yan canjin goro. Uwargida ta biyo ni har zaure da ɗan ƙullin kuɗi, na ce ta mayar, ilimi ya wuce nan.

Mun tashi bayan sallar Asuba. Da muka doshi Kano Bakanon ya ce in rage gudu in gaida iyayen gidana, na toshe hanci. Amma na lura da muka shiga garin ya ja hula ya rufe goshi, ya nutse a kujera har muka fita. A Daura ango ya ce mu cika tanki tunda allura ta yi ƙasa, na ce ya ji da koyar da ɗalibai, tuƙi ba a allo ake yinsa ba. A bakin iyaka 'yan canji suka yanyame mu da damman sefa. Bakano ya ce in canza ko kaɗan ne, hanya ba ta da tabbas. Na zaro katin na ɗaga shi sama kamar alƙalin wasa, na ce wa 'yan canjin su nemi wata sana'a, zamaninsu ya wuce. Muna jiran a buga mana takardu Bakano ya ce zai zaga ya kama ruwa. Ya daɗe. Da ya dawo na tambaye shi ko ya tsaya sayar wa jandarma allura ne, ya yi murmushi kawai.

Daga Matamaye allurar mai ta fara kwanciya. Duk ƙauyen da muka wuce ga masu sayar da fetur a kwalba a bakin titi, ango yana ta gyaran murya, ni ina ta wucewa, don kwalba ba ta da inda ake zura kati. Da addu'a da sakin giya a gangara muka isa bakin Damagaram wajen ƙarfe uku, jar fitila a kunne. Sai ga wani babban gidan mai mai rumfa, an manna hoton kati a gilashin ofis, da irin tambarin nawa sak. Na ce wa Bakano ya buɗe ido ya ga aiki. Ka ji kuskurena, Malam Edita: a gida mun saba a zuba tukuna a biya daga baya. Ban ce a gwada katin ba. Na sauke gilashi na ce wa mai famfo ya cika ta har wuya, har na sa ya jijjiga motar don ta ƙara sha.

Mai famfon ya kai ni wurin manaja, wani siriri mai furfura a gemu da tabarau a kan hanci. Ya zura katin, na juya baya na danna lambata, na'ura ta yi tunani ta yi tunani, ta turo 'yar takarda da Faransanci. Ya ce ta ƙi. Na ce ba ƙi ta yi ba, ba ta gane ba ne, ya sake. Ya sake, ta ƙi. Na goge katin a hannun riga, na hura masa iska, na tofa masa abin da ya sawwaƙa, ta ƙi a karo na uku. Ango ya kawo nasa, shi ma ta tofar da shi. Manajan ya ce cikin ruwan sanyi wai katunan Najeriya sun daɗe ba sa wucewa a wurinsu, da na tambaya kafin a zuba da ya gaya mini. Wannan ruwan sanyin nasa shi ya fi ƙona mini rai.

Na hau shi da masifa. Na ce na'urarsu ta gwanjo ce, sun manna hoton kati ne don su yaudari baƙi, na tuƙa kwamishina tun shi bai san hannun damansa ba. Na juye masa duk Turancin da na tsinta, ya mayar mini da Faransanci, muka yi ta yi babu mai jin wani, sannan muka dawo Hausa don zagin ya shiga. Na ce to a zuƙe man a mayar, ya ce ba sa karɓar man da ya shiga tankin da ba su san me ke cikinsa ba. Na zazzage 'yan canjin gorona a tebur, ya ture su da bayan biro, ya aika mai famfo ya zare makullin motar. Manajan ya miƙo wayarsa ya ce ango ya kira gidan amarya su kawo kuɗin, na ce gara in kwana a nan. Wakilin ango ya fara da roƙon kuɗin mai a gidan surukai tun ba a shafa fatiha ba? Kafin nan 'yan kabu-kabu da direbobi sun cika ƙofar ofis suna kallon Alhajin Najeriya, ga babbar riga ga hula, babu ko dala. Rana ta karkata, ina jin wani masallaci yana gwada lasifika.

Duk wannan abu Bakano yana jingine da mota yana cin goro. Sai da ya ga gumi ya jiƙa mini wuyan riga sannan ya tako a hankali, ya sa hannu a 'yar ciki ya zaro sefa sababbi, ɗaure da zarensa. Ashe kama ruwan da ya je yi a iyaka ke nan. Ya ɗaga su yadda na ɗaga katina, ya ce jama'a su shaida, wannan bawansa ne da ya gudo daga Zariya, ya zo fansarsa. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, in cire hula in ce ni bawan Kanawa ne sau uku, da ƙarfi yadda na baya za su ji. Wurin ya kaure da dariya. Wani direba ya ce a haɗa mini da tsallen kwaɗo. Manajan da kansa ya cire tabarau yana share hawaye. Ango ya matso ya raɗa mini cewa Baba in faɗa kawai mu tafi, lokaci ya ƙure. Yanzu da nake zaune na san wasa ne irin wanda muka yi sau dubu, kuma da ni na kama shi a haka, da har rawa sai ya taka. Da na faɗa, da mun shiga mota yana dariya ina zaginsa, da yau ba ni da abin rubutawa.

Amma a lokacin ba wasa nake gani ba. Ina ganin baƙi suna mini dariya, ina ganin katin da nake gori da shi a yashe a tebur, ina ganin rantsuwata ta cewa mai nawa ne tana narkewa. Na nemi abin jifan da zai kashe dariyar, na laluba tsofaffin zagin duk ba su isa ba, sai hannuna ya kai kan wanda ba na wasa ba. Na ce wa manajan ya duba kuɗin da kyau kafin ya karɓa, ya tambayi na waye, don mai miƙo su tsohon fursuna ne, wata tara ya yi a gidan yari kan kayan ubangidansa, shi ya sa ɗazu ya rufe fuska da muka ratsa garinsu. Na ce ni ba zan zama bawan ɓarawo ba. Da ƙarfi na faɗa, yadda na baya za su ji, kamar yadda ya nema.

Dariyar ta mutu, abin da nake so ke nan, na kuwa samu. Wasu sun ɗauka cikin wasan ne suna jiran ya rama, kuma da ya rama da wataƙila ta wuce a haka. Bai rama ba. Bai ma dube ni ba, ɗansa ya duba, ɗan kuma ya dubi fuskar uban, a nan ya gane gaskiya ce. Bakano ya tofar da goron bakinsa a gefe, ya warware zaren, ya ajiye kuɗin a gaban manaja ya ce ya ɗauki haƙƙinsa, ya ba shi haƙurin ɓata masa lokaci. Ya karɓi makullin ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Alhaji bismilla, kada mu makara. Shekara arba'in, ranar ce ta farko da ya kira ni Alhaji. Daga gidan man zuwa ƙofar gidan amarya babu nisa, amma ban taɓa tuƙi mai tsawonsa ba. Tankin a cike, har ina jin man yana kaɗawa a baya.

Mun isa ana sallame La'asar. Aka zaunar da ni gaba a matsayin wakili, waliyyin amarya a gefena, wani tsoho mai fara'a. Kafin a fara ya ce nisa ya hana su bincike sosai, amma tunda ga maƙwabcin shekara arba'in, kuma Bazazzagi wanda ba zai yi wa Bakano kara ba, in gaya wa jama'a wane irin gida 'yarsu za ta shiga. Aka yi dariya. Na ce gidan mutumin kirki ne mai amana, wanda ban taɓa kama shi da ha'inci ko na allura ɗaya ba. Gaskiya na faɗa, kuma ban taɓa faɗar gaskiya mai ɗacinta ba, domin ango yana zaune a bayana yana ji, da kunnen da ya ji waccan ɗazu. Na nemi aure aka ba ni, na karɓa, aka shafa. Uban yana can ƙarshen tabarma kansa a ƙasa. Washegari da na fito in tayar da mota aka ce mini ya bi motar haya tun da sassafe, wai ciniki na jiransa a gida.

Da man da ya saya na dawo har Daura, a nan na zura munafukin katin ya wuce sumul kamar bai taɓa laifi ba. Ina isa Zariya na tafi banki da niyyar in kife wurin. Wata ma'aikaciya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ai an daɗe da dakatar da irin katina a ƙasashen waje, an tura wa kowa saƙo. Na ce ba a turo mini ba. Ta karɓi wayata ta lalubo shi, ga shi nan kwance cikin Turanci a tsakanin saƙonnin talla, ban taɓa buɗewa ba. Na kira ɗana na wanke shi tas, ya ce lokacin da ya faɗa gaskiya ne. Kowa yana da amsa. Na zagi banki, na zagi manaja, na zagi wanda ya ƙirƙiro kati, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya buɗe mini baki ya sa maganar nan a ciki.

Tun daga ranar Bakano bai fasa gaishe ni ba. Kullum da safe zai tsaya ya ce Alhaji an tashi lafiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya jira amsa, ya wuce. Na yi rashin lafiya ya zo dubiya da lemo, ya ɗan zauna a bakin tabarma kamar wanda aka aiko. Na je shago na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ai ba ƙarya na yi ba, ya tambaye ni ko ina bukatar zare. Na sa limamin unguwa ya sa baki, liman ya dawo ya ce mutumin ya rantse ya yafe duniya da lahira, me kuma nake nema? Ta yaya zan gaya wa liman zagi nake nema? Ɗan ma yana gaishe ni, amma ya daina ce mini Baba. Na ji a bakin mata cewa uban ya tara 'ya'yansa ya ba su labarin da kansa, kuma babu wanda ya guje shi. Kada wani ya ce ashe alheri na yi. Labarinsa ne, shi ke da ikon ranar da zai faɗa, ni na fizge na watsa a gaban 'yan kabu-kabu.

Cika-cikin da ya wuce na ce bari in gama da abin. Da hantsi, layi cike da mutane, na ɗauki tsintsiyar uwargida, na cire hula na ajiye a dakali, na duƙa da wannan bayan nawa na share ƙofar gidansa tun daga bakin kwata har dokin ƙofa. Da ya fito na miƙe na ce ni bawan Kanawa ne, sau uku, har da gyara na huɗu, na miƙa hannu na ce ubangida ya ba ni kuɗin shara. Na ga leɓensa ya motsa, wallahi na gani, akwai maganar da ta taso masa, kuma na san mai zafi ce. Na tsaya ina jira kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sai ya haɗiye ta. Ya karɓi tsintsiyar a hankali ya jingine, ya ɗauko hulata ya kaɗe ya miƙo mini, ya ce subhanallahi Alhaji, girmanka ya wuce haka, dukkanmu bayin Allah ne. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa.

To jama'a, ga abin da tsohon direba mai aji huɗu ya koyo, kyauta. Duk wanda zai ƙetare iyaka da mota ya taka ya je bankinsa ya tambaya ko katinsa yana aiki a can, a wannan watan, ba a shekarar da ɗansa ya gaya masa ba. Ya canji kuɗin ƙasar ya sa a aljihu ko yana da kati goma, kada ya raina mai kwalba, kuma kada ya bari a sa masa bakin famfo a tanki sai an gwada katin ya wuce, domin mai idan ya shiga ba ya komawa. Saƙon banki kuma a ba wani ya karanta, ko da mutum shi ne mai fassara a unguwa. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne, idan mutum ya ba ka sirrinsa don ya ɗaga ka ranar da ka faɗi, ba makami ya ba ka ajiya ba. Kuma idan abokin wasanka ya kama ka a hannu, ka cire hular ka faɗi abin da ya ce, kunya ce ta ɗan lokaci a gaban mutanen da ba za su ƙara ganinka ba. Ni na ƙi, ga shi ina shan girmamawa safe da yamma kamar maɗaci.

Na san ana kawo wannan mujalla shagon da ke kusa da nasa, kuma na san akwai mai karanta masa, don shi in ban da tsadar allura babu abin da ya iya. To a gaya masa na ce Kanawa ba su iya tuwo ba, ba su iya gaisuwa ba, kuma shi ne sarkin rowarsu, goro ɗaya yake kwana uku yana gutsura. A gaya masa na faɗa kowa ya ji. Ina zaure kullum bayan Asuba, butar ma na wanke, ya zo ya rama.